Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Tarihin Iyakarmu

Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, daga wani ƙauye da ke tsakanin Illo da Lolo. Tun ina ƙarami kakata takan tafi da ni gaisuwa wurin danginta a Madekali, cikin Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. Tafiyar ba ta da nisa, harshen da ake yi a can shi muke ji a gida, tuwon ma iri ɗaya ne. Amma da zarar mun isa sai kuɗinmu su daina aiki sai an canza su da sefa, 'ya'yan kawuna kuwa Faransanci suke koyo a makaranta. Wata rana na tambaye ta, "Kaka, wa ya raba mu da su?" Ta ce, "Turawa ne, ɗan nan. Amma ka sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ban gane maganar nan ba sai da malaminmu na tarihi ya ba mu labarin wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, watau Mongol. Da ya gama sai ya ce mu je mu duba ko irin abin da ya same su ya taɓa faruwa a ƙasarmu. Na yi hutun nan ina karatu, ina kuma tambayar tsofaffi. Abin da na samo shi nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan shafi.

Labarin Mongol a taƙaice

Mongol makiyaya ne, ƙasarsu tana tsakanin Rasha da Sin. Sun daɗe ƙarƙashin sarakunan Sin. Da mulkin sarakunan nan ya fara rushewa a 1911, sai manyan Mongol na arewa suka aika jakadu wurin sarkin Rasha neman taimako, suka kuma naɗa babban malamin addininsu, Bogd Khan, ya zama sarki a watan Disamba na shekarar. Rasha ta taimaka, amma iyakar abin da ya dace da ita. A yarjejeniyar Kiyakta ta 1915 aka ce Mongol su riƙe harkokinsu na cikin gida, ƙasar kuwa tana nan ƙarƙashin inuwar Sin. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Rasha, sai sojojin Sin suka dawo a 1919 suka soke wannan ɗan 'yancin ma. Wasu samari, cikinsu har da Sukbatar, suka sake komawa Rasha neman gudummawa, wannan karon wurin 'yan gurguzu. A 1921 suka shiga babban birni tare da sojojin Rasha. Ƙasar ta tsira daga Sin, ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1961, amma ta yi kusan shekara 70 ba ta yanke wata babbar shawara sai da yardar Masko. Tsakanin 1937 da 1939 aka rushe gidajen ibadarsu, aka kashe dubban malamansu.

Mongol na kudu, waɗanda suka rage cikin Sin, nasu ya fi muni. Wani basarake da aka fi sani da De Wang ya fara neman mulkin kai a 1933. Da gwamnatin Sin ba ta biya masa bukata ba, sai ya jingina da Japan, ta kafa masa gwamnati wadda hafsoshinta ne suke juya ta. Aka ci Japan da yaƙi a 1945, gwamnatin ta watse. Lokacin yaƙin basasar Sin ya nemi taimakon Amurka bai samu ba. A ƙarshen 1949 ya gudu wurin 'yan'uwansa na arewa, su kuwa suka miƙa shi ga sabuwar gwamnatin Sin a 1950. Ya zauna kurkuku har 1963, ya rasu a 1966.

To, mu bar Mongol nan, mu dawo gida bakin Kwara.

Kabawa da maƙwabtansu

Kowa ya san labarin Kanta, wanda ya raba Kabi da daular Songhai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, ƙasar ta shiga ƙarƙashin Gwandu. Amma wani ɓangare na gidan sarautar Kabi bai sallama ba. Sarki Muhammadu Hodi ya yi ta yaƙi har aka kashe shi a 1826. Karari ya gaje shi, ya zauna Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame aka kai shi fadar Sarkin Musulmi, ya yi shekaru masu yawa a can. An ce a wani yaƙi da Gobirawa ya ceci ran Umaru, ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, saboda haka aka sake shi ya koma ƙasarsa.

A 1849 Nabame ya ɗaga tutar tawaye. Ya san Kabawa su kaɗai ba za su iya da Gwandu da Sakkwato ba, don haka ya nemi abokai. Ya same su kusa: Zabarmawan Dosso, da Dandawa, da Arawa na wajen Dogon Dutsi da Matankari. Dukansu masu ƙarfi daidai da juna ne, babu wanda zai iya haɗiye wani, kuma damuwarsu ɗaya ce. Baturen nan matafiyi, Barth, ya ratsa ƙasar a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ya tarar da hanyoyi babu aminci saboda wannan yaƙi.

Yaƙin ya ci manya a kowane ɓangare. Nabame ya faɗi a 1854. An kashe magajinsa Yusufu Mainasara a 1859, shekara ɗaya bayan haka Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama. Da kowa ya gaji, sai aka yi sulhu a 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, shi ne ake kira Lafiyar Toga. A cikinsa aka amince Argungu ta tsaya da ƙafarta, garuruwan da ke hannunta kuma su zauna nata. Lafiyar nan ta yi shekara 8, sa'an nan ta lalace a 1875 saboda rikicin shanu tsakanin mutanen Fana da na Giro. Aka koma gidan jiya. Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ɗan Nabame, ya hau gadon Argungu a 1883, ya kuma kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman da ta zo masa a 1892.

A lura da wannan wuri. Duk abin da Kabawa suka samu har zuwa nan, da hannunsu da na maƙwabtansu suka samu. Ba wanda ya zo bayan yaƙi ya ce su biya shi da ƙasa.

Zuwan Turawa

Me ya sa Turawa suka damu da ɗan yankinmu? Dalili na farko kasuwanci ne. Illo mashiga ce ta fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, daga Kano da Sakkwato da Jega su ƙetare Kwara su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. Na biyu kuwa, Faransawa sun kama Dahome, suna so su haɗa ta da ƙasashen da suka ci a arewa, suna kuma neman tashar jirgin ruwa a kan Kwara. Ingilishi kuma, ta hannun kamfanin Royal Niger na Goldie, suna cewa kogin nasu ne.

A lokacin Illo ba ta cikin Gwandu. Tana cikin ƙasar Bargu, kuma bisa ga labarin Kisira, gidajen sarautar Busa da Nikki da Illo 'yan'uwa ne. Ingilishi suna riƙe da takardar yarjejeniya da Sarkin Busa, suna cewa shi ne babban Bargu duka. Faransawa suka ce a'a, Sarkin Nikki ne babba. Sai aka shiga tsere. Kyaftin Lugard ya isa Nikki a watan Nuwamba 1894 ya karɓi takarda, bayan 'yan kwanaki kaɗan Kyaftin Decoeur na Faransa ya iso shi ma ya karɓi tasa. Jamusawa ma ba a bar su a baya ba, don a 1895 ayarinsu ya zo har Gwandu neman tasu takardar.

Sarakunanmu ba wawaye ba ne, kuma ba zaune suke kawai suna kallo ba. Kowannensu yana da abokin gaba a gida ko a maƙwabta, ya kuma ga baƙon nan yana da bindigar da babu irinta a ƙasar. Ga misali uku.

Na farko, Busa. A farkon 1897 Laftana Bretonnet na Faransa ya sauka Illo, daga nan ya wuce Busa. Ya tarar da Sarki Kisan Dogo yana fama da wani ɗan sarki da ke ja da shi kan gadon sarauta, wanda yake da goyon bayan mutanen Wawa. Sarki ya karɓi Faransawa hannu biyu, suka taimake shi ya murƙushe abokan hamayyarsa. Amma shekara ɗaya tak bayan haka Faransawan suka naɗe tutarsu suka tafi, domin an yanke magana a Paris cewa Busa ta Ingilishi ce. Cikin shekarun farko na mulkin Ingilishi aka yanke Illo da Kaoje daga Bargu aka haɗa su da Gwandu. A 1915 aka tuɓe Sarki Kitoro Gani, aka sa Busa ƙarƙashin Yawuri, abin da ya jawo tawaye a shekarar.

Na biyu, Dosso. A 1896 Bayero, shugaban Fulanin Dallol Bosso, ya dawo ƙasar da taimakon mayaƙan Ahmadu Shehu na Segu da Ali Buri na Jolof, waɗanda su kansu Faransawa ne suka koro su daga yamma. A yaƙin Bumba aka kashe Isa Korombe, babban jarumin Zabarmawa. Da abin ya yi tsanani, Zarmakoy Attiku ya karɓi Faransawa, suka kafa sansani a Dosso a ƙarshen 1898. Magajinsa Auta ya zama babban abokinsu, suka faɗaɗa ikonsa a kan garuruwan da a da ba sa bin Dosso. Kuɗin wannan gata shi ne tara haraji da ma'aikata da mayaƙa domin Faransa. Da talakawa suka yi bore a Kobkitanda a ƙarshen 1905 da farkon 1906, dawakin Dosso suna cikin rundunar da ta je kashe wutar. Malamin da ya ja boren, Sha'aibu ɗan Makaho, shi ne ya ƙetare zuwa Satiru kusa da Sakkwato.

Na uku, Argungu. Sama ya ga Turawa tun 1891, sa'ad da Monteil na Faransa ya bi ta garinsa. A farkon 1898 Kyaftin Cazemajou ya zo ya ƙulla yarjejeniya da shi, kafin ya wuce Damagaram inda aka kashe shi a watan Mayu. Wannan takarda ba ta amfani Sama da kome ba, gama masu ita sun sarayar da ita a teburin ciniki. Da sojojin Ingilishi suka zo a 1902, Sama ya karɓe su da aminci, Argungu ta zama musu masauki kafin su ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ladansa shi ne aka bar masa gadonsa, Argungu ta zama masarauta mai zaman kanta, ba ta bin Gwandu. Abin da ubansa da kakansa suka mutu a kansa ke nan. Amma fa daga ranar nan akwai Razdan a Sakkwato wanda maganarsa ta fi ta Sarkin Kabi, ta kuma fi ta Sarkin Gwandu.

Yadda aka ja layin

A 1897 Ingila ta kafa rundunar soja ta Yammacin Afirka ƙarƙashin Lugard, da sansani a Jebba. A 1898 sojojin ƙasashen biyu suka yi ta tsayuwa ido da ido a ƙauyukan Bargu, saura ƙiris su gwabza. Sai manyansu suka zauna a Paris suka sa hannu a yarjejeniya ranar 14 ga Yuni 1898. Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo suka zauna ga Ingila. Aka ce layin zai taɓa Kwara a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigar Illo. Abin da ya raba kakata da danginta ke nan.

A gabashin kogi kuma aka bi Dallol Mawuri, sa'an nan aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Faransawa suka yi ƙorafi cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu ruwa a cikinta, don haka aka gyara layin a 1904 da 1906, aka matso da shi kudu. Dogon Dutsi da Matankari da Birnin Ƙonni suka koma ɓangaren Faransa. Watau Zabarmawa da yawancin Arawa da rabin Dandawa, waɗanda suka yi fiye da shekara 40 suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Kabawa, sun wayi gari a wata ƙasa dabam. Babu Sarkin Kabi, ko na Gwandu, ko na Busa, ko na Illo a wurin da aka yanke wannan hukunci.

Abin da na koya

Da na jera labaran nan kusa da na Mongol sai na ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Ƙaramin shugaba yana cikin matsi daga na kusa da shi. Babbar ƙasa tana da tata bukata a yankin. Suka haɗu, kowa yana zaton shi ne yake amfani da ɗan'uwansa. Amma ranar da manyan ƙasashe suka zauna sasantawa, ƙaramin ba ya samun kujera. Yadda aka yi wa Mongol a Kiyakta a 1915, inda wakilansu suka zauna amma Rasha da Sin suka yanke, haka aka yi mana a Paris a 1898, mu ko gayyatar ma ba a yi mana ba.

Ba na so in yi wa magabata rashin adalci. Mu da muke zaune a aji muna karanta tarihi mun san ƙarshen labarin, su kuwa ba su sani ba. Mutumin da aka kashe ubansa da kakansa a yaƙi, ko wanda aka ƙone garinsa bara, ba za a ce masa ya ƙi hannun da aka miƙo masa ba. Kuma ko waɗanda suka ƙi Turawa suka yi yaƙi, kamar Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya faɗi a Burmi a 1903, ba su hana ƙasar tafiya ba. Haka nan ba a ce duk wanda ya nemi taimakon baƙo ya tashi a tutar babu ba. Mongol na arewa suna da ƙasarsu a yau, Argungu da Dosso kuma suna da sarautunsu. Sai dai abin da suka samu shi ne abin da baƙon ya ga dama ya bari, a lokacin da ya ga dama. De Wang da Busa kuwa sun nuna mana ɗaya fuskar, ta wanda ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Bambancin da ya fi jan hankalina shi ne tsakanin 1849 da 1902. A 1849 Nabame ya ƙulla abota da tsararrakinsa, sakamakon kuwa shi ne Lafiyar Toga, sulhun da mutanen ƙasa suka yi da bakinsu. A 1902 ɗansa ya ƙulla abota da wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sakamakon kuwa shi ne ya rabu da Gwandu, amma shi da Gwandu duka suka sami ubangida ɗaya. Da a ce rikicin shanun Fana da Giro bai rushe sulhun 1867 ba, da Turawa sun tarar da bango marar tsaga. Watakila da sun ci ƙasar duk da haka, amma da ba su sami mai buɗe musu ƙofa da sauƙi ba. Nan ne na gane maganar kakata.

Ƙiyayyar ma da ta jawo duk wannan ba Bature ne ya kashe ta ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa su a kogi don girmamawa, daga nan bikin kamun kifin Argungu ya samo asalinsa na zamani. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suka shiga jiha ɗaya, babban birninta kuwa shi ne Birnin Kebbi ɗin nan da aka ci a 1805.

'Yan'uwana ɗalibai, wasunmu za su zama hakimai, wasu ma'aikatan gwamnati, wasu 'yan majalisa. Rigima tsakanin gari da gari, ko tsakanin manomi da makiyayi, ba za ta ƙare a duniya ba, kuma kullum akwai wani mai ƙarfi daga nesa da zai ce zai taimaka. Kafin mu karɓa sai mu tambayi kanmu me yake nema a wurinmu, kuma wa zai zauna a madadinmu ranar da zai sasanta da abokin hamayyarsa. Duk wanda ya sami hutu, ina ba shi shawara ya je Illo ko Kaoje ko Lolo ya zauna da tsofaffi ya ji abin da iyayensu suka faɗa musu game da zamanin nan, ya rubuta, tun ba su tafi da shi ba. Ni dai a hutu mai zuwa, in Allah Ya yarda, Madekali zan koma in ji yadda dangin kakata suke ba da labarin daga nasu ɓangaren. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.